Injin Yankan Nama da Hakkin Ma'aikacin da Ya Rasa Yatsa ko Hannu

A da mahauci wuƙa da gatari ne kayan aikinsa. Yanzu kuwa injuna sun shigo kwata da shagunan nama a birane, watau injin niƙa nama, da zarto mai lantarki na yanka ƙashi, da injin da ke yanka nama fale-fale. Waɗannan suna sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma ba su bambanta naman sa da hannun mutum. Don haka ya kamata hakimai da malamansu su san abin da doka ta tanada, domin wurinsu talaka kan fara kai kuka.

Yadda Haɗarin Ke Aukuwa

Yawanci ta hanya uku ne. Wani ya cire marufin da ke kare bakin injin don aiki ya yi sauri. Wani ya tura nama da yatsu maimakon sandan turawa. Wani kuma ya sa hannu zai zaro ƙashin da ya maƙale ba tare da ya zare waya ba, sai wutar da aka ɗauke ta dawo kwatsam. Dokar Ma'aikatu ta 1987 ta wajabta wa mai ma'aikata ya killace duk wani sashe na injin da ke da haɗari.

In abin ya auku, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a zuba toka ko baƙin mai. Gaɓar da ta guntule a naɗe ta cikin ƙyalle mai laima, a ƙulle cikin leda, a sa ledar a ruwan ƙanƙara, sa'an nan a garzaya asibiti da ita. Wani lokaci likitoci kan iya mai da ita in an yi hanzari.

Abin da Doka Ta Ce

A shekarar 2010 aka yi sabuwar Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987, aka kuma danƙa ta ga Hukumar NSITF. Mai ba da aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin mutanensa kowane wata, ba shi da ikon cire kuɗin daga ladansu. Dokar ta haɗa da ɗan ƙodago da mai koyon sana'a, ko da da baki aka ɗauke su aiki.

Wanda rauni ya hana shi aiki har abada, za a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Wanda ya rasa yatsa ko biyu kuwa, a kan auna yawan abin da samunsa ya ragu. Ban da wannan akwai kuɗin magani da hannun roba.

Amma fa akwai wa'adi. Lalle ma'aikaci, ko wani nasa, ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14. Ubangidan ya kai rahoto ga Hukumar cikin kwana 7 da aukuwar abin. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita kafin shekara 1 ta cika.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Sau da yawa a kan sasanta a zaure, a ba yaro 'yan kuɗin jinya, a ce ƙaddara ce. Haƙuri da ƙaddara abu ne mai kyau, amma ba ya kashe hakki, kuma doka ba ta yarda da yarjejeniyar da za ta sa ma'aikaci ya yafe diyyarsa ba. Saboda haka in magana ta zo gaban hakimi, malami ya rubuta rana da sa'a, da irin injin, da sunayen shaidu, ya adana takardar likita, a tura mutumin ofishin Hukumar da ke jihar. Hakimi kuwa ya kira Sarkin Pawa da masu shaguna ya ja musu kunne tun abin bai auku ba, gama rigakafi ya fi magani.