Ko Kun Sani? Lantarkin Iska na Lambar Rimi

Tashar lantarki mai aiki da iska da ke Lambar Rimi, Jihar Katsina, tana da injina 37 da aka tsara su ba da megawat 10. KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano, shi ke rabawa a Katsina da Jigawa. Sai dai iska ba ta da alƙawari: in gudunta ya ninka, ƙarfinta kan ninka sau takwas; in ta lafa, injinan su tsaya cik. Babban layin ƙasa kuwa ba ya jure hawa da sauka, don haka ake buƙatar tashoshin ruwa irin Kainji da Shiroro su cike giɓin nan take. Haka ma Danmak, wadda iska ke ba ta kusan rabin wutarta, takan sayo wuta daga madatsun ruwan Norway.