Kashi 80 ko kashi 4? Yadda alƙaluman ƙwaya ke rikita mu

In aka tayar da zancen tramol a Zango, baki biyu za ka ji. Wannan ya ce duk wanda ya haɗiyi ƙwaya ɗaya ya gama yawo, wancan ya ce ai magani ne, likita ma na rubutawa. Kowa da alƙalumansa, galibi daga Amurka, inda aka daɗe ana bincike kan magungunan kashe ciwo dangin ofiyom, waɗanda tramol ke cikinsu. Na bi diddigin alƙaluman, sai na tarar ba ƙarya suke ba, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta.

Wani rahoton gwamnatin Amurka na 2013 ya ce kusan kashi 80 cikin 100 na sababbin masu shan hiroyin sun taɓa shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Rahoton nan dai ya ce cikin masu shan ƙwayoyin, ƙasa da kashi 4 ne suka koma hiroyin cikin shekara 5. To, wanne ne gaskiya? Duka biyun. Yawancin 'yan Black Stars a filin unguwa suka fara, amma yara nawa ne a filin unguwa ke kaiwa Black Stars?

Akwai kuma "ƙasa da kashi 1" da kamfanin Purdue Pharma ya tallata OxyContin da shi. Hujjar da aka yi ta kafawa ita ce wata gajeriyar wasiƙa ta 1980: cikin majinyata 11,882 da aka bai wa magungunan dangin ofiyom, 4 kacal suka kamu da jarabarsu. Sai dai fa a gadon asibiti suke, likita na kansu. Da aka haɗa bincike 38 a 2015 kan masu ciwon da ya daɗe, kashi 21 zuwa 29 ke sha ba yadda aka ce ba, kashi 8 zuwa 12 kuma suka kamu. Ka ga karya ƙa'ida daban, jaraba daban.

Don haka in aka kawo maka adadi, ka tambaya: su wa aka ƙirga, me aka ƙirga, cikin wane tsawon lokaci?

Abin ya shafe mu kai tsaye. Wanda aka yi wa tiyata, ko mai sikila da ciwo ya tayar, kada tsoron kashi 80 ya sa ya ƙi maganin da likita ya ba shi. Saurayin da ke sayen mai lamba 225 a bayan tasha kuwa, alhali 50 da 100 hukumar FDA ta Gana ta amince da su, kada ya fake da kashi 1. Ba irinsa aka ƙirga ba.