Yunwa da Ƙoshi: Abin da Ɓera Ya Koya Mana

Yara, kun san ɓera, wanda wasu ke kira kusu. A shago da rumbu maɓarnaci ne. Amma masana suna nazarinsa, don kayan cikinsa sun yi kama da namu. Sun hana ɓeraye abinci na ƴan kwanaki, sai ruwa kawai, sannan suka sake ciyar da su. Ga abin da suka gano.

Jiki kamar gida ne mai rumbu uku. Na farko ita ce hanta, inda ake ajiye sukari. Cikin kwana ɗaya wannan ajiya takan kusan ƙarewa. Na biyu shi ne kitse. Idan kitse ya yi ƙasa, sai jiki ya faɗa wa na uku, wato tsoka. Wannan kamar mutum ne da itacensa ya ƙare, ya soma ƙona ƙyauren ɗakinsa.

A lokacin yunwa hantar ɓera takan ƙanƙance, bangon hanjinsa ya sirance. Zuciya ta rage sauri, jiki ya yi sanyi, don yana tattalin ƙarfinsa. Da aka sake ba shi abinci, hanta ta cika da wuri, hanji kuma ya murmure cikin ƴan kwanaki.

To, amma akwai haɗari ga wanda yunwa ta daɗe a jikinsa. Idan ya cika cikinsa lokaci guda, sukari yakan yi yawa a jini. Sai jiki ya saki wani sinadari mai suna insulin, ya tura sukarin cikin tsoka. Wasu gishirai, kamar fosfor da potasiyom, sukan bi sukarin, su bar jini. Zuciya kuwa ba ta aiki sai da su. Tana iya tsayawa. A 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu fursunonin da aka ceto sun mutu bayan sun ci abinci mai yawa.

Mu ma a Bangi mun san yunwa. A rikicin 2014, mutanen Yakite da sauran unguwannin Kilomita Biyar sun kasa fita, kasuwa ta yi sanyi, abinci ya yi wuya. A asibitin yara na Bangi ana jinyar masu tamowa. Ba a fara ba su tuwon rogo. Ana soma ba su madara marar nauyi mai suna F-75, kaɗan-kaɗan, kowace awa 2 ko 3, dare da rana. Idan yaro ya fara jin marmarin ci, sai a koma F-100, ko Plumpy'Nut, wani haɗin gyaɗa da madara da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Da shi aka ceci dubban yara a Maraɗi a 2005.

Alamun tamowa su ne rama, da kumburin ƙafafu, da gashi mai ja. Ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan bai kai milimita 115 ba, tamowar ta yi tsanani. Wanda ya ga haka ga ƙanensa, ya gaya wa manya a kai shi asibiti nan da nan. Kada a yi masa ɗura. Uwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Sannu ba ta hana zuwa.

Kalmomi
ɓera: le rat
hanta: le foie
hanji: l'intestin
tsoka: le muscle
tamowa: la malnutrition

Tambayoyi
1. Ku faɗi rumbunan jiki guda uku.
2. Don me ba a cika wa mai tamowa ciki lokaci guda?
3. Wace madara ake fara ba shi?
4. Me za ku yi idan ƙafafun ƙanenku suka kumbura?