Mizanin Ƙwayoyi da Sirrin Ciwon Sikila

Malaman kimiyya sun daɗe da sanin cewa wanda ya san nauyin abu ya san wani sashe na haƙiƙarsa, sai dai ƙwayoyin da Allah ya gina jikin ɗan Adam da su sun kai matuƙa wajen ƙanƙanta, har babu sikelin da za a aza su a kai. Dabarar da aka samu bayan dogon bahasi ita ce a ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, a harba su cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, sa'an nan a bar ƙarfin maganaɗisu ko na lantarki ya karkatar da su. Kamar dai yadda iska ke yi wa mai shiƙa, ta kai ƙaiƙayi nesa ta bar tsaba kusa, haka mara nauyi ke karkata da yawa, mai nauyi kuwa kaɗan, daga nan a lissafa nauyin kowace.

J. J. Thomson ne ya buɗe wannan babi a Kambirij ta ƙasar Ingila, inda ya ga iskar niyon ta rabu gida biyu, mai nauyin 20 da mai 22, almajirinsa Francis Aston kuma ya kyautata na'urar a 1919. Amma shekaru da dama ba ta amfani masu nazarin jiki sosai ba, domin furotin, in aka zafafa shi don ya tashi, ƙonewa yake yi. Sai a shekarun 1980 John Fenn na Jami'ar Yel a Amurka ya fesa ruwan furotin ta bakin siririyar allura mai lantarki, ɗigon ya bushe ya bar ƙwayar lafiya lau da cajinta, yayin da Koichi Tanaka na kamfanin Shimadzu a Japan ya cim ma irin wannan buri da hasken leza. An ba su lambar Nobel a 2002, Fenn yana ɗan shekara 85.

Fa'idar al'amarin ta fi bayyana a ciwon sikila, wanda babu ƙasar da ya fi addaba kamar Nijeriya. Himogulobin, wato furotin ɗin da ke dakon iskar numfashi cikin jini, sarƙoƙi huɗu ne, biyu daga ciki ana kiransu beta, kowace da gaɓoɓi 146. Tun 1957 Vernon Ingram ya tabbatar, ta wata hanyar dabam mai wahala, cewa a gaɓa ta shida kaɗai aka sami sauyi ga mai sikila, inda sinadarin balin ya maye gurbin gulutamik asid. To, lafiyayyiyar sarƙa nauyinta 15,867 ne a ma'aunin ƙwayoyi da ake kira dalton, ta mai sikila 15,837, kuma wannan tazarar ta 30, wadda a kanta yaro ke kwana yana kukan ciwon ƙashi, na'urar na nuna ta ƙarara cikin 'yan mintoci.

Nauyin jimla kaɗai kuwa ba hujja ce yankakkiya ba, kuma a ganina nan ne hikimar aikin take. Wani nau'in himogulobin da ake kira C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, sauyinsa a wannan gaɓa ta shidan yake, amma bai bambanta da lafiyayye da abin da ya wuce dalton ɗaya ba, saboda haka dole a yanyanka sarƙar da wani sinadari mai suna tirifsin, a zaɓi guntun da ake tuhuma, a sake farfasa shi cikin na'urar, a karanta jerin gaɓoɓinsa daga nauyin gutsattsarin. Da haka wasu asibitocin Ingila ke tantance jarirai daga ɗigon jinin da aka busar a takarda. Na'urar tana da tsada, tana kuma buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararren mai kula, shi ya sa yawancin gwajin jinin da masu niyyar aure ke yi a ƙasarmu har yanzu da tsohuwar hanyar raba jini da lantarki ake yin sa.