Garou: Layukan Ƙasashe Uku Na Gwamutsuwa, Ga Taurarin Ɗan'adam Na Tafe

Garou na cikin ƙaramar hukumar Malanville, a jihar Alibori da ke ƙurewar arewacin Jamhuriyar Benin. Ƙasar fadama ce, ta shinkafa da albasa da masunta. Ƙetaren kogin Kwara Nijar ce, yankin Gaya. Wanda ya miƙa gabas ta Madekali kuma zai faɗa jihar Kebbi ta Najeriya. A irin wannan lungu waya ɗaya kan jiyo turakun ƙasashe uku: MTN da Moov da Celtiis na gida, Airtel da Zamani daga Nijar, ga kuma na Najeriya.

Igiyar rediyo ba ta san kwastan ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, balle a kan ruwa, tana yin nisa fiye da yadda aka tsara mata, kuma turken tsohon tsarin GSM kan iya riƙe waya har daga kilomita 35. Duka ƙasashen uku suna aiki ne a zangon mita ɗaya, megahaz 900 da 1800. Idan turke biyu na ƙasashe dabam suka hau tasha guda, murya ta riƙa yankewa, intanet ya yi nauyi. Idan kuma na ƙetare ya fi ƙarfi, sai wayar ta tsallaka can da kanta, mai ita yana zaune a rumfarsa ana cajinsa kuɗin baƙo. Ga ɗan kasuwar da ke jiran saƙon shigar kuɗin albasarsa, kalmar "babu rezo" asara ce ta gaske.

Maganin wannan sananne ne: a rage ƙarfin turken bakin iyaka, a sunkuyar da eriyarsa ta kalli gida, a raba tashoshi, waɗannan naku ne, waɗannan namu. Sai dai ba ya yiwuwa sai hukumomi sun zauna tare, wato ARCEP ta Benin, ARCEP ta Nijar da NCC ta Najeriya. A nan gizo ke saƙar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an rufe gadar Malanville da Gaya, jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da tun 2017 ta yi dokar sauƙaƙa kuɗin kira ga wanda ya shiga maƙwabciyar ƙasa da layinsa.

Ana cikin haka sama ta cika. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a Benin a ƙarshen shekarar, a Nijar kuma a 2025. Taurarinsa, dubbai ne, suna shawagi a tazarar kusan kilomita 550, can ƙasa da na talabijin irin su NigComSat-1R da ke tsaye a kilomita 35,786. Tsakanin waɗannan biyu akwai doka: sashe na 22 na ƙa'idojin rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya ƙayyade ƙarfin da na ƙasa za su watso, don haka suke kauce wa layin da na sama ke aiko saƙo ta cikinsa. Farantin Starlink na kan rufi bai taɓa mitar wayar hannu ba.

Sabon salon shi ne abin damuwa. Yanzu tauraro na iya magana da wayar aljihu kai tsaye, ba faranti ba turke, ta hanyar aron mitar kamfanin waya na ƙasa. SpaceX, kamfanin da ke da Starlink, ya harba nasa na farko irin wannan a Janairun 2024. A Maris na 2025 MTN da kamfanin Lynk suka gwada kira ta tauraro a Vryburg ta Afirka ta Kudu, sannan a ƙarshen shekarar Airtel Africa ya sanar da yarjejeniyarsa da SpaceX. Airtel yana Nijar, yana Najeriya, amma ba ya Benin. Hasken da tauraro ke saukarwa yana rufe fili mai faɗin kilomita da dama, kogin kuwa bai kai haka ba. Wanda aka auna a Gaya zai iya malalowa Garou a kan mitar da gwamnatin Kwatano ta riga ta ba wani kamfani.

Injiniyoyi na da dabaru: a tsuke hasken, a rage masa ƙarfi, ko a kashe shi ɗungurungum idan tauraron ya doshi iyaka. Na ƙarshen ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi cutarwa. Ma'anarsa a bar zirin ƙasa a kowane gefen kogi ba tare da wannan sabis ba, alhali masunci a tsakiyar ruwa da makiyayi a daji da manomin da ambaliya ta raba da turke su ne aka ce don su aka ƙirƙiro shi. Kwatano da Yamai da Abuja ba su rasa turaku ba.

Taron duniya kan rediyo na 2027 a Shanghai zai tattauna yadda taurari za su shiga mitar wayoyin hannu. Abin da ya dace kafin nan shi ne hukumomin uku su aiko ma'aikata da na'urorin awo zuwa Garou da Gaya da Kamba ta jihar Kebbi, su auna abin da ke ƙetarowa a damina da lokacin hunturu, su amince da iyakar ƙarfi guda ga turke da tauraro, ko da gadar ba ta buɗe ba.