Hirar Babura a Majalisun Kano

Daga cikin al'adun da zamani ya haifar a ƙasar Hausa, waɗanda ba a gada daga kakanni ba amma suka zauna daram har suka yi ladubba da ƙa'idoji na kansu, akwai hirar babura, wadda ake yi a rumfar bakanike, ko teburin mai shayi, ko dakalin ƙofar gida tsakanin La'asar da Magariba. Ma'abota wannan hira galibinsu dattawa ne, tsofaffin malaman makaranta da akawuna da malaman gona da 'yan kasuwar Kwari, waɗanda da yawansu yau ko keke ba sa hawa, amma da zarar wani yaro ya gifta a guje ya bar musu ƙara da ƙura, sai ɗayansu ya taɓe baki ya ce, "Wannan ma gudu ne?" To, an buɗe babi ke nan.

A zamanin Turawa babur abu ne na ɗaiɗaikun mutane, irin su 'yan sanda da wasu ma'aikatan hukuma, kuma na Ingila ne, kamar BSA da Triumph, masu nauyi da rugugi. Bayan samun mulkin kai sai na Japan suka fara shigowa, marasa nauyi, masu sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Amma shekarar da masu hira suka yi ittifaƙi a kanta, wadda daga gare ta suke ƙirga tarihinsu, ita ce 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Gowon ta biya ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, haɗe da ariyas na watanni da dama, har ƙaramin ma'aikaci ya wayi gari da kuɗin da bai taɓa riƙewa a dunƙule ba. Wasu suka yi aure, wasu suka sayi rediyo mai kaset, samari da yawa kuwa suka nufi kantunan Fagge da Sabon Gari suka turo babur sabo fil a leda. Shi ya sa in dattijo zai fara ba da labarin abin hawansa, sau da yawa da "shekarar Udoji" yake buɗe baki.

Saɓanin da ke tsakaninsu ya raba su mazhabobi uku. Ta farko ita ce ta masu Honda, ko Benly, ko 175, ko Roadmaster, waɗanda hujjarsu ita ce juriya: injinsu baƙin mansa daban fetur ɗinsa daban, ba ya hayaƙi, ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma in tafiya ta miƙe, shi ne ke isa da numfashinsa. Ta biyu ita ce ta masu Suzuki da Yamaha, waɗanda injinsu ke ƙona baƙin mai tare da fetur, yana fitar da shuɗin hayaƙi da siririyar ƙara. Su kuwa alfaharinsu tashi ne, domin kafin mai Honda ya saka giya ta uku sun ba shi rata. Ta uku ita ce ta masu Basfa, wadda suka ɗauka abin hawan mutunci, na malamai da attajirai, wadda ba ta ɓata tufa. Su ba su cika shiga gardamar gudu ba, sai dai su saurara suna murmushi, in an gama su ce ai tasu har yanzu tana nan a zaure tana tashi da kik ɗaya.

Wanda bai san wannan majalisa ba zai zaci surutu ne kawai da cika baki, alhali kuwa ruwayar gudu tana da sharuɗɗan karɓuwa waɗanda ba a sassauta wa kowa. Sharaɗi na farko, ba a kafa hujja da maleji, domin kowa ya san wayarsa kan tsinke tun babur yana sabo, in ma tana aiki allurar kan yi ƙarya. Abin da ake karɓa shi ne hanya da lokaci: mutum ya ce ya yi sallar Azahar a Zariya ya riski jam'in La'asar a Kano da sauran lokaci, ko ya bar Wudil shayinsa bai huce ba ya shigo gari. Na biyu, dole a ambaci abin da aka wuce da inda aka wuce shi, kuma mafi girman daraja ita ce a ce an wuce Fijo 504 a miƙaƙƙiyar hanya wajen Kwanar Ɗangora, direbanta yana sane, ba wai yana lalube ba. Na uku, shaida: wane ne aka goya a baya, yana raye ko ya rasu? In yana raye, za a tambaye shi ranar da aka haɗu. In kuwa ya rasu, sai a yi masa addu'a, a karɓi labarin da rauninsa, ba a ƙaryata ba, ba a kuma gaskata ba. Daga cikin ladubban wurin kuma, ba a kushe babur ɗin mamaci, kuma yaro ba ya ƙaryata babba kai tsaye, iyakarsa ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba, anya ba gangara ce ba?"

In gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, tsohon bakanike shi ne alƙali, saboda shi ya buɗe cikin kowane inji, ya san wanda fistin ɗinsa ya sha canji, da wanda aka fasa wa salansa don ƙara kawai ba don gudu ba. Za ka gan shi ya kwance fulogi ya kanga shi a haske, ya duba bakinsa: in ya yi ja-ja kamar ƙasa, ya ce mai shi ya san hannun inji, in ya yi baƙi ƙirin yana maiƙo, ya ce ana dai ɓarnar mai. Hukuncinsa kuwa kusan kullum ɗaya ne, wato gudu rabi na inji ne, rabi na zuciyar wanda ke riƙe da totur.

Ba gudu kaɗai ake tunawa ba, har da hidimar da ake yi wa abin hawan. Akan bar ledar sirdi ta yi watanni ba a cire ba. Akan wanke shi ranar Juma'a da safe, a goge tanki da tsumma mai laushi har mutum ya ga fuskarsa. In za a hau da babbar riga, sai a tattare ta a cusa ƙarƙashin cinya don kada sarƙa ta kama, a danna hula har kunne, sannan a taka kik. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya abokan ango kan jeru su yi ta zagaye suna murɗa totur, wani ya saki hannu, wani ya miƙe tsaye, kamar yadda 'ya'yan sarauta ke sukuwa ranar hawan Salla. A nan ne kuma hirar kan yi sanyi, domin babu majalisar da ba ta da wanda ya kwanta a asibitin ƙashi na Dala ko a hannun mai ɗori, babu kuma wadda ba ta rasa wani ba. Sai wani ya janye ƙafar wando ya nuna tabo, a ce ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ganganci ba jarumta ba ne.

Abin da ya mayar da wannan hira ta zama ta bege shi ne sauyawar matsayin babur ɗin kansa. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sabon na Japan ya gagari ma'aikaci. Aka koma 'yan kwatano, daga baya Jincheng na Sin da Boxer na Indiya suka cika gari, abin da a da yake ado da alamar rufin asiri ya koma jarin acaɓa, har gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kansa a watan Janairun 2013. Saboda haka in dattijo yana yabon Roadmaster ɗinsa, ba ƙarfe kaɗai yake yabo ba, yana ba da shaida ne cewa ya ga zamanin da albashin malamin firamare ke sayen sabon abin hawa.

Samarin yau ma sukan tsoma baki, sai dai hujjarsu a waya take. Wani zai matso ya nuna hoton Suzuki Hayabusa, wanda ya fito a 1999, ya ce wannan yana haura kilomita 300 a awa guda. Dattawa sukan karɓi wayar su nisanta ta da ido, su yaba ƙirar, su yi tasbihi ga Wanda ya sanar da ɗan Adam wannan hikima, sa'an nan su mayar masa da abinsa tare da tambayoyin da ba su taɓa canzawa ba: "To, yaro, kai ka hau? Daga ina zuwa ina? Wa ka goya?"