Littattafan da Suka Canza Mutanen Bakin Rima

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan kogin Rima a 1984, aka kuma buɗe ta a 1992, an yi ta ne don ta riƙe ruwa har mita kubik miliyan 942. Amma kowane manomin albasa ko tafarnuwa a Goronyo da Wurno ya san ruwan da ke kwance a bayan dam ba ya tsirar da kome, sai an buɗe ƙofa an kora shi cikin gona. 'Yan'uwa masu karatu, haka littattafai suke a gidajenmu da yawa. Akwai Littafi Mai Tsarki, akwai Littafin Waƙoƙi, amma suna cikin akwati, ba a fito da su sai ran Lahadi.

Wannan ƙasa ta bakin Rima ta daɗe da sanin abin da littafi ke yi wa mutum. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno, ya rasu a 1837 aka kuma binne shi a can, marubuci ne mai littattafai da yawa. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba ta tsaya ga rubutun kaɗai ba. Ta zaɓi dattawan mata da ake kira jaji, ta koya musu, su kuma suka riƙa kai karatun ga matan ƙauyuka, waɗanda aka sani da 'Yan Taru. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta ji ilimi da harshenta, ta haddace, ta koya wa 'ya'yanta. Mu Kirista ya kamata mu lura da hanyar da maƙwabtanmu suka bi: an rubuta da harshen da jama'a ke ji, an sami mai kaiwa, an kuma karanta da ƙarfi a cikin taro.

Mu ma muna da namu tarihin. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi tare da abokan aikinsa. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya soma kula da masu ciwon kuturta a Amanawa, kusa da Sakkwato. Mutane suka zo neman magani, waɗansunsu kuwa suka koyi karatun boko a wurin, daga baya suka zama malamai, da ma'aikatan asibiti, da masu bishara. Ku duba fa, mutumin da ake gudun cin abinci da shi a kwano ɗaya ya buɗe Markus sura ta 1, ya karanta da idonsa yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Wanda ya karanta wannan da kansa ba zai ƙara ɗaukar kansa abin yasarwa ba.

To, waɗanne littattafai ne ke yin irin wannan aiki? Na farko shi ne Littafi Mai Tsarki, amma a karanta shi littafi guda daga fari har ƙarshe, ba aya ɗaya nan ɗaya can ba. Markus sura 16 ne kawai, iyali za su iya gama shi cikin mako uku idan suna karanta sura guda bayan tuwon dare. Na biyu, littattafan da bayin Allah suka rubuta cikin wahala, kamar labarin tafiyar Kirista wanda John Bunyan na Ingila ya soma a kurkuku, aka buga a 1678. Na uku, littattafai masu daɗi irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, domin yaron da ya ji daɗin labari shi ne zai nemi littafi da kansa. Kada kuma mu rena 'yan takardun malaman gona da na asibiti. Uwar da ta karanta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari tana iya ceton ɗanta daga gudawa tun kafin a kai asibiti.

Maganar nan ba ta jira ba ce. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutane da dama. Iyalai sun bar gidajensu, karatun yara da yawa ya yanke. Yaron da ya tashi yana ganin haka, in ba abin da ke shiga kunnensa sai jita-jita da saƙonnin waya, to zuciyarsa za ta cika da tsoro da neman ramuwa. Amma in ya karanta labarin Yusufu a Farawa, wanda 'yan'uwansa suka sayar, daga baya ya ciyar da su a lokacin yunwa, zai san akwai wata hanya ban da ramuwar gayya.

Sai dai littafi yana bukatar mai bayani. A Ayyukan Manzanni sura ta 8, mutumin Habasha yana karatu cikin karusarsa bai gane ba, sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya, kome ƙanƙantarta, ta ajiye akwatin littattafai da littafin rubuta sunan mai aro. Zumuntar Mata ta keɓe rabin sa'a a taronta don karatu da ƙarfi. Matasa da suka yi sakandare kowa ya ɗauki dattijo ɗaya ko yaro ɗaya ya koya masa baƙi da wasali. Iyaye kuma, in an sayar da albasar bana, a cire kuɗin littafi guda kafin a shiga sauran hidima.

Ubangiji ya ba mu zuciyar karatu, ya kuma maido da salama a ƙasarmu. Amin.